Faɗaɗa titi ko gyara motocin haya: wanne ya kamata a fara zuba wa kuɗi?

Duk garin da ya soma bunƙasa, akwai ranar da mahukuntansa za su zauna da 'yan kuɗi a hannu, waɗanda ba za su isa a yi komai da komai ba, su tambayi juna: mu ƙara wa babban titin nan faɗi ne, ko mu sa kuɗin a bas-bas da jirgin ƙasa na cikin gari? Sau da yawa titi ne ke cin zaɓen, kuma ban ga laifin masu zaɓarsa ba. Wanda ya share awa biyu a cikin gosulo, hayaƙi na shigar masa hanci, abin da idonsa ke nuna masa shi ne motoci sun fi ƙarfin hanya. In tulu ya yi wa ruwa kaɗan, ai sai a nemo randa. Ni ma na daɗe a kan wannan ra'ayi.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ruwan da aka ɗebo yana da iyaka, ba ya ƙaruwa don an sake masa mazubi. Zirga-zirgar motoci kuwa ƙaruwa take yi duk lokacin da hanya ta yi sauƙi. A ranar da aka buɗe sabon layi, akwai mutanen da ba a sa su a lissafi ba. Akwai wanda ke fita tun da asuba don ya kauce wa cunkoso, yanzu zai koma fita ƙarfe bakwai tare da kowa. Akwai wanda ke bin lungu yana zagayawa, zai dawo babban titi. Akwai wadda ta ajiye motarta a gida tana hawa bas, za ta sake ɗaukar makulli. Bayan 'yan shekaru kuma sai masu gine-gine su lura cewa bayan gari ya matso kusa, su yanka filaye, su kafa sababbin unguwanni da babu yadda za a fita daga cikinsu sai da mota. Kowane ɗayansu ya yi abin da hankali ya ba shi. Amma in aka haɗa su duka, titin ya sake cika, kuma wannan karon da motoci fiye da na da.

Ba yau aka gano haka ba. Tun a 1962 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Anthony Downs, ya rubuta cewa a lokacin fita aiki da lokacin tashi, manyan titunan birni kan cika har iyakar abin da za su iya ɗauka, komai faɗinsu. A 1994 wani kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan manyan hanyoyi ya amince cewa sababbin hanyoyi suna haifar da sababbin tafiye-tafiye. A 2011 kuma wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka bi alƙaluman biranen Amurka na tsawon shekaru ashirin, suka tarar cewa in aka ƙara layukan manyan tituna da kashi 10 cikin 100, yawan tuƙin da ake yi a kansu shi ma yakan ƙaru da kusan kashi 10. Wato duk abin da aka ƙara, an shanye shi.

Gani ya kori ji, kuma birnin Houston na jihar Texas ya nuna wa duniya. Akwai babban titi a can da ake kira Katy. An kashe masa kimanin dala biliyan 2.8, aka gama faɗaɗa shi a 2008, har a wasu wuraren ya kai layi 26 in aka haɗa da ƙananan hanyoyin gefe. Da farko an samu sauƙi, ba a musun wannan. Amma daga 2011 zuwa 2014 lokacin da ake ɗauka tsakanin tsakiyar gari da unguwannin yamma ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 da safe, da kusan kashi 55 da yamma. A Los Angeles ma an kwashe shekara biyar ana aiki a titin 405, aka kashe sama da dala biliyan ɗaya don ƙara layi guda na tsawon kilomita 16, aka buɗe a 2014, amma masu bin hanyar da yamma ba su ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. In ƙasar da ke da irin wannan dukiya da faɗin ƙasa ta kasa gina hanyar da za ta fi ƙarfin motocinta, ina ga wadda ke cin bashi kafin ta zuba kwalta?

To, kada masu goyon bayan bas su yi saurin tafi, domin binciken nan na Duranton da Turner yana da wani ɓangare da ba a cika ambatawa ba. Sun kuma tarar cewa ƙara yawan bas-bas a gari bai rage yawan tuƙi a manyan tituna ba. Dalilin dai ɗaya ne da na farko. In mutum ɗari suka bar motocinsu suka hau jirgi, gurbin da suka bari a titi ba ya zama haka nan, wasu ɗarin ne za su ga hanya ta saki su shigo. Tokyo da Landan da Paris duk suna da jiragen ƙarƙashin ƙasa da ake misali da su, kuma duk suna da cunkoso. Saboda haka wanda ya ce maka a sayo bas gosulo zai ƙare, ya faɗi abin da ba zai iya cikawa ba.

Amma kuma ba a ce bas ba shi da tasiri a kan titi ba. A 2003 ma'aikatan sufurin Los Angeles sun yi yajin aiki na kwana 35, bas da jirgi suka tsaya cik. Wani masani, Michael Anderson, ya auna abin da ya faru a manyan titunan birnin, ya tarar jinkiri ya ƙaru da kashi 47 cikin 100, kuma abin ya fi muni a hanyoyin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da layukan jirgi da na bas. Wannan a garin da masu hawa motar haya 'yan kaɗan ne ke nan. Abin da ya sa haka shi ne, cunkoso ba a hankali yake zuwa ba. Titi yakan yi ta gudu lafiya har ya kusa cika, daga nan 'yan motoci kaɗan in suka ƙaru sai komai ya tsaya. Bas ɗin da kake gani a gefenka, ko ba ka taɓa shigarsa ba, shi ke riƙe maka waɗannan 'yan motocin.

A nan nake ganin tambayar ce tun farko aka yi ta a karkace. Ana tambaya yaya za a sa motoci su yi gudu, alhali abin da ke gaban mai gari shi ne yaya mutane za su isa inda za su, a kan lokacin da za su iya dogara da shi. In aka juya tambayar haka, bambancin da ke tsakanin zaɓin biyu ya fito sarai. Faɗaɗa titi yana barin kowa a cikin cunkoson, sai dai ya ƙara yawan waɗanda ke ciki. Jirgi ko bas mai layinsa na kansa yana ba mutum hanyar da cunkoson bai shafe ta ba. Mutumin Tokyo ya san titin garinsu a cushe yake, amma bai dame shi ba, tun da ya san minti nawa jirgi zai ɗauka ya kai shi.

Lissafin fili ma yana da sauƙi, kowa zai iya yinsa. Layi ɗaya na babban titi, wanda babu danja babu mahaɗa a kansa, yakan wuce da motoci kusan 2,000 a awa guda in komai ya tafi daidai. Yawancin motocin gida a lokacin zuwa aiki mutum ɗaya ko biyu ne a ciki, don haka a ce mutum 3,000. A ba bas wannan layin shi kaɗai, a sa doguwar bas mai ɗaukar mutum 150 tana wucewa duk minti ɗaya, an samu mutum 9,000. Jirgin ƙasa mai ɗaukar mutum 1,000 da ke zuwa duk minti biyu kuwa 30,000 zai kwashe, aikin layin mota goma ke nan, a filin da bai wuce faɗin layi ɗaya ba. Sannan motar nan in ta iso sai an nemo mata masauki. Mota ɗaya a wurin ajiye motoci, in aka haɗa da hanyar shiga da fita, tana cin kusan murabba'in mita 30. Mota dubu za su cinye filin ƙwallo huɗu, a tsakiyar gari inda ƙasa ta fi tsada. Kuma ko an yi babban titi layi goma, a ƙarshe cikin tsofaffin titunan gari zai juye motocinsa, waɗanda ba za su faɗaɗu ba sai an rushe garin da ake son shiga.

Maganar kuɗi ce ta fi rikitarwa, kuma a nan titi yana da hujja. Jirgin ƙarƙashin ƙasa tsada gare shi ba kaɗan ba. A New York kashin farko na layin Second Avenue, wanda aka buɗe a farkon 2017, ya ci kusan dala biliyan 4.5, tsawonsa kuwa bai wuce kilomita uku ba. Wannan ya fita daban wajen tsada, amma ko a inda aiki ke da arha, jirgi ba abin da ƙaramar hukuma za ta taɓa ba ne. Bayan gini kuma ga albashin direbobi, ga mai ko lantarki, ga gyara, duk shekara. Birane kaɗan ne kuɗin tikiti ke biya musu wannan, irin su Hong Kong, inda kamfanin jirgin ke samun riba har daga gine-ginen da ke kan tashoshinsa. Sauran sai da tallafi daga baitulmali. Duk wanda ya zaɓi sufurin jama'a ya san ya ɗauki nauyin da ba ya saukewa.

Titi kuwa yana kama da abin da ake biya sau ɗaya a huta, amma ba haka ba ne. Kowane layi da aka ƙara sai an riƙa yi masa faci, bayan wasu shekaru a sake shimfiɗa shi. Babban kuɗin kuma ba a kasafin gwamnati yake fitowa ba, a aljihun iyalai yake: kuɗin mota, kuɗin mai, taya, makaniki, inshora. Ba a rubuta shi a matsayin kuɗin titi, amma garin ne ke biya. Ga diyya ga rusau. Bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, an ratsa tsakiyar biranen Amurka da dama da tituna, aka tashi dubban iyalai, kuma unguwannin baƙaƙen fata da na talakawa ne suka fi shan wuya. Har yau wasu ba su farfaɗo ba. Wannan ɓangaren yana ci mini rai, domin wanda ake rushe wa gida don a faɗaɗa titi, sau da yawa shi ne wanda ba shi da motar da zai hau titin. Abin da ya rage masa shi ne tsallaka layi takwas da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Tsakanin jirgi mai tsada da titi mai cin fili akwai hanya ta uku, kuma ita na fi karkata gare ta ga garin da kuɗinsa ba su da yawa. Birnin Curitiba na Birazil na cikin waɗanda suka fara ta, a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner: a keɓe wa bas layi a tsakiyar titi, daga baya aka ƙara da tashoshin da fasinja ke biya kafin ya shiga, dandamalinsu daidai da ƙofar bas, don kada a ɓata lokaci. Suka kuma ba da izinin dogayen gine-gine a gefen waɗannan layuka, ta yadda jama'a suka taru inda bas ke bi. Bogota ta Kolombiya ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi, ta buɗe TransMilenio a ƙarshen shekarar 2000, har layinta mafi cika ya riƙa kwasar mutanen da ba kowane jirgin ƙasa ke kwasa ba. Jakarta ta bi sahu a 2004, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Kuɗin kilomita ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai iya gina kilomitoci da yawa na wannan, kuma a gama cikin shekara biyu ko uku, ba goma ba.

Amma fa shi ma yana faɗuwa, kuma yadda yake faɗuwa abin koyi ne. Delhi ta Indiya ta buɗe nata a 2008, gajere, bai kai kilomita shida ba, bai haɗu da wani babban tsari ba. Masu motoci suka ga an ƙwace musu layi, suka yi ta ƙorafi har kotu, a 2016 aka rushe shi. A Bogota kuwa nasarar ce ta zama matsala: jama'a suka yi yawa, ba a ƙara layuka da saurin da ya dace ba, matsatsi da 'yan sane suka sa mutane da yawa suka tsani abin da a da suke alfahari da shi. Mafi yawan faɗuwar ma ba ta kai ga shiga labarai. A sayo sababbin bas-bas, a yi bikin ƙaddamarwa, a sake su cikin gosulon da kowa ke ciki. An gudu ba a tsira ba. Babu mai mota da zai bar kujerarsa ya je ya tsaya a cikin bas ɗin da ba ta fi shi sauri ba. Abin da ke jawo shi abu uku ne: bas ta wuce shi yana tsaye, ta riƙa zuwa a kai a kai har ba sai ya duba agogo ba, kuma ya samu hanyar ƙafa mai kyau da fitila daga gida zuwa tasha. Na ukun nan ana raina shi, alhali mace da za ta dawo da dare shi take fara dubawa. Ko sauke kuɗin mota gaba ɗaya bai kai waɗannan tasiri ba. Tallinn ta Estoniya ta mayar da hawa kyauta ga mazaunanta a 2013, amma bai sa masu motoci sun ajiye su da yawa ba.

Akwai kuma masu ƙananan motocin haya da suka riga gwamnati shiga harkar. In aka zo da sabon tsari aka yi kamar babu su, za su yaƙe shi, kuma suna da dalili, abincinsu ne. Johannesburg ta Afirka ta Kudu ta fahimci haka lokacin da ta buɗe nata tsarin bas mai keɓaɓɓen layi, Rea Vaya, a 2009: aka zauna da masu ƙananan bas na hanyar, aka sha doguwar tattaunawa, daga ƙarshe suka zama masu hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da manyan bas-bas ɗin.

Ban ce a daina gina hanya ba. Tsakanin gari da gari, da karkara inda gidaje ke warwatse, hanya ce komai, kuma bas ma a kan kwalta take tafiya. In kogi ya raba gari biyu gada ɗaya ce kawai, a ƙara gada. In manyan motocin kaya suna ratsa tsakiyar gari ba don suna da abin saukewa ba, a yi musu hanyar zagaye. In mahaɗa guda ce ke tare komai, a gyara ta, ko a daidaita danja, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Unguwar da babu tituna masu haɗa ta da maƙwabtanta tana bukatar tituna, ƙanana da yawa sun fi ƙato guda ɗaya amfani. Abin da nake ja da shi shi ne ƙara layi a kan babban titin da ke kai ma'aikata tsakiyar birni safe da yamma. Nan ne kuɗi ke nutsewa. Kuma mai ɗaukar kaya, da motar asibiti, da mai gyaran famfo da ke yawo da kayan aikinsa, waɗanda dole sai da mota, su ne suka fi kowa amfana in aka janye masu zuwa ofis daga kan titi.

In kuwa ana son cunkoson kansa ya ragu, ba a ba mutane mafita kawai ba, abin da ya nuna yana aiki shi ne sa kuɗi a kan shiga tsakiyar gari da mota a lokacin da hanya ta fi cika. Singafo ta fara tun 1975. Landan ta bi a 2003. Stockholm ta gwada a 2006, motocin da ke ƙetara iyakar tsakiyar birnin suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, mutanen da suka ƙi abin tun farko suka ga bambanci, aka yi ƙuri'a suka amince, ya zama na dindindin a 2007. Kuɗin ne ke hana sababbin motoci cike gurbin da aka samu. Amma a lura da yadda suka jera abin: Stockholm ta ƙara bas-bas watanni kafin ta fara karɓar ko sisi, Landan ma ta ƙara nata, kuma doka ta sa kuɗin da aka tara su koma harkar sufuri. In aka sa wa mutum haraji ba a ba shi wata hanya ba, zalunci ne, kuma talaka zai fi jin jiki.

Seoul ta Koriya ta Kudu ta yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali. A 2003 ta fara rushe wata doguwar gadar sama da ke ratsa tsakiyar birnin, wadda motoci sama da dubu 150 ke bi ta kanta da ƙarƙashinta kullum, don ta tono rafin Cheonggyecheon da aka binne. An yi ta hasashen gari zai tsaya. A 2004 suka sake tsarin bas gaba ɗaya, suka keɓe musu layuka a tsakiyar manyan tituna, suka sa kati ɗaya ya yi aiki a bas da jirgi. Aka buɗe rafin a 2005, garin bai tsaya ba. Yadda sabon layi ke kiran motoci, haka rage layi ke sa wasu tafiye-tafiyen su koma jirgi, ko su sauya lokaci, ko a fasa su.

Da ni aka ba kuɗin, zan fara da hanyar da ta fi kowace cunkoso, domin cunkoson shaida ne cewa akwai fasinjoji a wurin. Zan ƙirga mutanen da ke wucewa, ba motoci ba, in ga kashi nawa ne ke cikin motar haya kuma kashi nawa na titin aka bar musu. Zan keɓe layi da shinge na kankare, ba fenti kaɗai ba, tun da fenti ba ya hana mai gaggawa ko mai jiniya shiga. Zan ware kuɗin gyara da na direbobi na shekara biyar kafin in sayi bas ta farko. Jirgi sai ya biyo baya, a layin da bas ta cika har ta kasa. A bayan gari kuma, inda ba a riga an yi gini ba, zan sa a shata filin da layin dogo zai bi nan gaba a hana taɓa shi tun yanzu, kafin a kafa tubali a kai a dawo ana maganar diyya.